Wasiƙar Godiya ta Tara

Ƙafarta ɗaya ta shiga zauren jarrabawa, ɗayar ta ƙi. A bakin ƙofa ta tsaya riƙe da katin shaida da biro biyu, ɗalibai suna ture ta hagu da dama suna wucewa. Tana hango kujerarta, layi na huɗu kusa da taga. Taku goma ne, bai fi ba. Yadda za ta yi takun ne ya ɓace mata.

"Ke, shiga za ki yi ko fita?" in ji malamin da ke duba kati. "Kin tare wa mutane hanya."

Ƙirjinta ya yi nauyi kamar an ɗora mata buhun siminti, tafin hannunta ya jiƙe har katin yana neman suɓucewa. Ba rashin karatu ba ne. Wannan darasi ita ke koya wa 'yan ajinsu shi a gindin bishiya. Amma jikinta ya ce ba zai shiga ba, kuma bai yi shawara da ita ba.

Ta janye ƙafar. Ta zagaya bayan ginin inda tankin ruwa ke ɗiga, ta zauna a kan bulo. Nan ta yi awa uku tana maimaita la haula wa la ƙuwwata illa billah, tana jin ƙarar fanka ta taga, har ta ji an ce kowa ya ajiye biro.

A unguwarsu Injiniya ake kiranta. Tun ranar da jami'a ta ɗauke ta karatun gine-gine sunan ya bi ta, har yaran maƙwabta ba su san tana da wani ba. Mahaifinta lebura ne a shagon hayar rumfuna da kujeru: shi ke lodawa, shi ke kafawa, shi ke kwancewa idan taro ya watse. Abin da yake samu ba zai riƙe ɗalibi a jami'a ko na wata ɗaya ba. Wata gidauniya ce ta ɗauki nauyin karatun: rajista, ɗakin kwana, da ɗan abin sakawa a baki. Sharaɗi biyu aka gindaya mata. Ta ci jarrabawa, kuma duk ƙarshen zango ta rubuta wa gidauniya wasiƙar godiya da hannunta.

Ta rubuta takwas. Zango ɗaya ya rage mata bayan wannan.

* * *

Abokiyar ɗakinta, wadda kowa ke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, ita ma gidauniyar ce ke biya mata. Ita ta same ta kwance ta juya wa ƙofa baya, shayin safe yana kan tebur ya huce tun tuni.

"Tashi. Wata nawa ina kallonki? Ba ci, ba barci, wanka ma sai na yi miki tsiya. Da na ɗauka saurayi ne, sai na duba wayarki na ga ko mai bin kuskuren lamba ba ya kiranki."

"Ki ƙyale ni."

"In ƙyale ki ki mutu a gadon ƙasa, ni ina na sama? Wa zai yarda ya zauna da ni bayan nan? Sa takalminki."

Haka ta ja ta har asibitin makaranta. Likitar dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ta yi ta tambaya: tun yaushe, barci fa, abinci fa, ko akwai ranar da ta ji gara ma babu ita. Injiniya ta amsa duka tana kallon ƙasa. A ƙarshe ta ɗago.

"Likita, ina salla. Ban taɓa bari ba. Kullum ina gode wa Allah. To me ya sa?"

"Mai ciwon suga ma yana salla," in ji likitar, tana rubutu. "Ki ci gaba da sallarki, ki sha wannan kullum da safe, ki dawo bayan sati biyu. Sunansa ciwon damuwa, kuma ba ke ce ta farko a kan kujerar nan yau ba."

Ta ba ta magani, ta ba ta takardar da za ta kai sashensu a sake ba ta damar jarrabawar da ta rasa.

Da suka koma ɗaki saƙo ya shigo wayoyinsu a tare. Daga Anti ne, jami'ar da ke kula da ɗaliban gidauniya, wadda ba ta kiran kowa sai da "'ya'yana". Rediyo ta karanta da irin muryarta, har da langaɓe kai.

"'Ya'yana, lokacin wasiƙa ya yi. Bana kada ku yi mana irin ta kullum. Ku buɗe mana zuciyarku, ku faɗa mana halin da kuke ciki. Mu iyayenku ne."

Ta jefar da wayar kan katifa, ta ɗaga filo ta zaro wata tsohuwar takarda da gefenta ya cinye. Takardar gado ce: tun daga 'yan shekarun baya ɗaliban gidauniya ke miƙa ta hannu zuwa hannu.

"Ungo. Canza kwanan wata, canza sunan darasi. 'Ina cikin ƙoshin lafiya da farin ciki, sakamakona yana kyau, Allah ya ƙara buɗi.' Shi ke nan. Takardar nan ta yaye likita biyu da lauya ɗaya, ba ta taɓa ba da kunya ba."

"Amma ta ce mu faɗi gaskiya."

"Haka mai gidan haya yake cewa ka ɗauka gidanka ne. Buga ƙusa a bango ki gani."

* * *

Ranar hutun ƙarshen mako ta tafi gida. Ɗaki biyu ne a gidan haya, da ɗan tsakar gida inda Mama ke yi wa mutane wanki da guga. Bayan an ci abinci ta ajiye kwalin maganin a kan tabarma, ta faɗa musu komai, har da bulon da ta zauna a kai.

Mama ce ta fara.

"Damuwa? Ke da ake biya miki komai? Ni da nake tsaye kan guga tun asuba ban ce damuwa ba. Rufa mana asiri, kada maƙwabta su ji su ce Injiniya ta taɓu."

Ta faɗa da faɗa, amma ta tashi ta ɗebo sauran abincin da ta ajiye wa kanta ta juye a kwanon 'yarta.

Baba ya ɗauki kwalin yana juya shi da yatsunsa da ƙarfe ya farfasa. Ba ya karanta boko, kallo kawai yake yi.

"Uwata, yana sauƙaƙa miki?"

"Kaɗan-kaɗan, Baba."

"To alhamdu lillahi. Wanda ya saukar da cutar shi ya saukar da wannan. Ki sha."

Sai ta kawo maganar wasiƙa. Ta faɗa masa abin da Anti ta nema, ta faɗa masa takardar gado ta ƙarƙashin filon Rediyo. Fuskarsa ta canza.

"Takardar wasu? Ki kwafi ƙarya ki sa hannu, ki kai wa mutanen da suka ɗauke mini nauyin da ya fi ƙarfina? Shekara huɗu da rabi, Uwata. Su suka ce a faɗa musu gaskiya. In mun rufe musu, mun ci amanarsu."

"Malam," in ji Mama, "masu hali ba sa son labarin ciwo. Ni nake musu guga, na san su. In dutsen guga ya ƙone ka ya taɓa riga, rigar suke dubawa."

"Naki daban. Waɗannan don Allah suke yi."

"Kai ka shiga zuciyarsu?"

"Ke kin shiga?"

Baba mutum ne da ya yi shekara talatin yana shiga gidajen mutane da rumfa a kafaɗa, ko cokali bai taɓa ɓata ta dalilinsa ba. Idan aka ce masa ga magana, yakan ɗauka maganar ce. Ya auna masu gidauniya da kansa. Kuskurensa ke nan, kuma kuskure ne da mutumin banza ba zai taɓa yi ba.

Bayan la'asar ta zauna a teburin gugar Mama ta rubuta. Shafi uku. Ta gode musu daga zuciyarta, don godiyar gaskiya ce. Sannan ta faɗi ciwon, ta faɗi jarrabawar da ta rasa, ta faɗi likita da magani da damar da aka sake ba ta. Da ta gama ta karanta musu. Mama ba ta jira ƙarshe ba, ta fita wai za ta kwashe shanya, alhali kayan ba su bushe ba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya goge ido da bayan hannu.

"Wannan ita ce godiya," in ji shi. "Kai musu."

* * *

Kwana uku da kai wasiƙar Anti ta kira ta ofis. Ɗaki ne mai sanyi, bangonsa cike da hotunan ɗalibai cikin rigar yaye. Anti ta taso daga bayan tebur ta rungume ta, turarenta ya cika wa Injiniya hanci.

"'Yata. Haba 'yata. Duk wannan kina ciki ba ki faɗa wa Antinki ba? Na karanta sau uku, wallahi sai da na yi hawaye. Rubutunki yana shiga jiki."

Ta sa aka kawo mata lemo mai sanyi. Ta tambaye ta sunan maganin, ta rubuta. Ta karɓi takardar likita ta sa aka yi kwafi, wai don a san ta inda za a taimaka. Injiniya ta fito daga ofishin tana jin ƙirjinta ya yi sauƙi irin wanda ta manta da shi. A hanya ta kira Baba ta ce ya yi gaskiya. Ya yi dariya ya ce ta faɗa wa uwarta.

Ta sake zama jarrabawar. Wannan karon Rediyo ta raka ta har bakin ƙofa, ta tura ta ciki da gwiwar hannu. Ta ci, kuma da maki mai kyau.

Bayan sati biyu gidauniya ta turo jerin sunayen waɗanda za a biya wa rajistar sabon zango. Injiniya ta bi shi daga sama zuwa ƙasa, ta sake bi daga ƙasa zuwa sama. Rediyo ta karɓi wayar ta duba da kanta. Sunan Injiniya ba ya ciki.

A ofis, wannan karon Anti ba ta taso ba.

"Ba ni ba ce, kwamiti ne. Akwai ƙa'ida: ɗalibin da ya rasa jarrabawa..."

"Na sake yi, Anti. Na ci. Ga sakamakon."

"...ko wanda lafiyarsa ba ta ba da tabbacin zai kammala ba." Ta ture takardar gefe ba ta duba ba. "Kuɗin nan na mutane ne. Ba za mu zuba shi inda ba mu da tabbas ba."

"Zango ɗaya ya rage mini."

"Kuma in faɗa miki gaskiya, Shugaban gidauniya ya karanta, ransa ya ɓaci. Ya ce shekara huɗu ana yi wa yarinya hidima, ta buɗe baki ta ce ba ta jin daɗin komai? Dubbai suna can suna roƙon gurbin nan. Mutum in ya san darajar abin da aka yi masa, ina zai samu lokacin damuwa?"

"Ke kika ce mu buɗe muku zuciya."

Anti ta dube ta da mamaki na gaske, irin na wanda aka tuna wa maganar da ya yi cikin barci.

"Ai kowa na tura wa. Ke kaɗai kika rubuto irin wannan."

A ɗaki Rediyo ta buɗe jakarta, ta zare zip ɗin ciki, ta fito da kwali ta jefa kan gado. Irin na Injiniya ne, har launinsa.

"Shekara biyu," in ji ta. "Ta ina kike tsammani na san hanyar likitar nan? Mu huɗu na sani a cikin 'ya'yan Anti. Kowa yana shan nasa a banɗaki, ya fito ya rubuta 'ƙoshin lafiya da farin ciki'. Na ce miki ki kwafa. Na ce miki!"

Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, sai Injiniya ce ta koma tana ba ta haƙuri.

* * *

Sau uku Baba yana barin aiki ya je ofishin gidauniya. Sau uku yana zama a bencin waje har a tashi. Ranar farko aka ce Anti tana taro, ta biyu aka ce ta fita, ta uku maigadi ya ji tausayinsa ya ce masa tana ciki, amma ya daina ɓata kuɗin mota. Jami'a kuwa ta sanar cewa ranar Litinin za a rufe rajista. Wanda bai yi ba ya rasa zangon, ya kuma sauka daga ɗakin kwana.

Injiniya ta dawo gida. Mama ba ta ce "na faɗa" ba, kuma rashin faɗar ya fi faɗar ciwo. Guga kawai take yi, tana danna dutsen kamar rigar ce ta yi mata laifi.

Maganar Shugaba ta zauna wa Injiniya a rai. Ta yi ta juya ta: ko gaskiya ne, ko butulci ne ya sa mata rigar ciwo? Wata safiya bayan ta idar da salla, tana zaune a kan darduma, ta lura da wani abu. Duk abin da ta rubuta a shafi ukun nan, ta riga ta faɗa wa Allah shi, ba sau ɗaya ba, da kalmomin da suka fi waɗannan muni, fuska jiƙe da majina. Bai yanke mata numfashi ba. Bai taɓa neman ta yi masa murmushin ƙarya kafin ya ba ta ba. Ta ce alhamdu lillahi, kuma ta ji wannan ta fita daga wani wuri daban da inda wasiƙu takwas suka fito. Ta tashi ta sha maganinta.

Ranar Alhamis Baba ya shigo da sauri har bai cire takalmi daidai ba.

"Uwata! Allah ya buɗe ƙofa. Jibi gidauniya za ta yi taronta na shekara, kuma maigidanmu aka ba aikin rumfa. Shugaba da kansa zai zo. Ni zan kafa inda zai zauna! Minti ɗaya nake nema. In ya ga fuskata, ya ji daga bakina, ba zai ƙi ba."

"Da kayan aiki za ka tsaya gabansa?" in ji Mama.

"Ki goge mini farar rigata. Zan sa a leda, in na gama kafi in canza."

Mama ta dube shi, ta dubi 'yarta. Ta ɗauko rigar ta goge ta sau biyu.

* * *

A filin wani babban otal aka yi taron. Tun da sassafe Baba da abokan aikinsa suke kafa ƙarafa, suna jan tamfol, suna jera fararen kujeru. Injiniya ta zo da azahar, da sakamakonta a cikin ambulan, ta tsaya can baya wajen motar kaya inda ba a tambayar katin gayyata. Daga nan ta hango Baba ya fito daga bayan janareto cikin farar riga, yana gyara hula.

Anti ya fara samu, tana kai da kawo da takardu a hannu. Ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, ni ne mahaifin Injiniya. Na zo ofis sau..."

"Ayya, Baba, sannu. Yau ba ranar wannan magana ba ce."

"Litinin za a rufe, ranki ya daɗe. Minti ɗaya kawai da Shugaba."

"Baba, an riga an cike gurbin. An biya wa wata tun makon jiya, ga ta can a layin gaba. Ko Shugaba ba zai warware ba." Ta dubi bayansa. "Yauwa, tunda kana nan, layin nan ya matse. A ja shi baya kaɗan."

Baba ya tsaya. Sannan ya sunkuya, da farar rigarsa, ya ja kujerun baya ɗaya bayan ɗaya.

Baƙi suka cika wuri. Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Ana cikin haka gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta fara ɗaga gefen tamfol, takardun kan tebur suka fara tashi. Maigidan su Baba ya zagayo yana magana ƙasa-ƙasa cikin fushi: kowane lebura ya kama ƙarfe ɗaya, kada wanda ya motsa har a tashi. Baba ya samu na kusurwa, wanda ke bayan babban tebur. Taku uku ne tsakaninsa da kujerar Shugaba. Ya rungumi ƙarfen da hannu biyu.

Sai Anti ta karɓi abin magana.

"Manyan baƙi, bana gidauniya za ta buɗe sabon asusu, na kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai. Kafin in ce komai, ku ji daga bakin ɗaya daga cikin 'ya'yana. Ba zan faɗi sunanta ba."

Ta buɗe takarda. Injiniya ta gane ta daga nesa: shafi uku, da alamar ninki huɗu da ta yi mata.

"'Akwai safiyar da nake buɗe ido in ji haushin na farka. Ina yin alwala ina kuka, ban san abin da nake yi wa kukan ba. Ina jin kunyar Allah, ina jin kunyarku, domin an yi mini komai. Ban daina godiya ba ko rana ɗaya, amma godiyar ba ta ɗauke nauyin da ke ƙirjina ba.'"

Wuri ya yi tsit, sai kaɗawar tamfol. Anti ta iya karatu. Ta san inda za ta dakata, ta san inda muryarta za ta yi rawa.

"'Mahaifina yana ɗaukar ƙarfe a kafaɗa tun kafin a haife ni. Abin da na fi tsoro a duniya shi ne ranar da zan tsaya gabansa in ce masa na kasa.'"

Wata mata a layin gaba ta ce "Allah sarki" da ƙarfi. Shugaba ya cire tabarau ya goge ido da farin hankici. Anti ta juya shafi, amma idonta ya bar takardar.

"'Da gidauniya ta ji halin da nake ciki, ta rungume ni, ta tsaya mini tsayin uwa da uba. Yau na warke, ina shirin kammala karatuna. Allah ya saka muku da alheri.'"

Wannan ba ta rubuta ba. Babu shi a shafi na uku, babu shi a ko'ina.

Tafi ya ɓarke. Mai gabatarwa ya ce kowa ya miƙe ya girmama wannan yarinya da waɗanda suka tsaya mata. Kowa ya miƙe. Hannuwa suka fara tashi sama, ana kiran sunayen masu alkawarin gudummawa, ana kabbara. Rediyo tana can cikin jerin ɗaliban gidauniya, sanye da rigar da aka raba musu, tana tafi tare da saura, kanta a ƙasa.

Injiniya ta ga ambulan ɗin hannunta ya lanƙwashe. Ba ta san lokacin da ta matse shi ba.

A nan ruwa ya sauko, gaba ɗaya, kamar an kifar da baho. Baƙi suka matsa tsakiya suna dariya. Iska ta shiga ƙarƙashin rumfar ta kumbura ta, igiyar kusurwa ta tsinke ta yi bulala a iska. Ruwa ya taru a tamfol ya yi ciki, daidai saman babban tebur. Gindin ƙarfen da Baba ke riƙe ya ɗaga daga ƙasa, ya koma, ya sake ɗagawa. Injiniya ta dubi yadda rumfar ta karkata, ta gane abin da babu wanda ya lura da shi a ƙarƙashinta: yanzu duk ginin a kan wannan ƙarfe ɗaya yake. Buɗe hannu kawai zai yi, rumfar ta rufta a kansu.

Shi a waje yake. Bakin tamfol a kansa yake zuba, ruwan yana bin hularsa ya shiga wuya. Farar rigar ta manne masa a jiki, tsatsar ƙarfe ta zana mata jan layi daga kafaɗa zuwa ƙirji. Ya ɗago kai, ya neme ta ta saman kawunan mutane har ya same ta a jikin motar kaya. Leɓensa yana motsi. Daga inda take ba ta iya sanin ko addu'a yake yi ba.

A gabansa, taku uku, Shugaba yana ninke hankicinsa, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Baba ya ware ƙafafu cikin taɓo, ya ɗora goshinsa a jikin ƙarfen, ya ƙara riƙewa.